Azumin Bakwaini

Ɗiyata ta fari wata bakwai ta yi a ciki ta fito. Nas ɗin da ta ɗora ta a sikeli ba ta gaya mani abin da ta gani ba, sai ta dubi uwar mijina ta ce a yi ta addu'a. Ni da aka miƙo mani ita na ji ba ta kai tiyar gero nauyi ba. Ban daɗe da gama sakandare ba a lokacin, ban iya komai ba sai kuka.

Hajiya, uwar mijina, ita ta raya ta, kuma ba zan taɓa danne mata wannan haƙƙi ba. Ta naɗe ta cikin auduga, ta ajiye kaskon garwashi a ɗakinta, ta hana kowa shiga da sanyin waje a jikinsa. Yarinyar ba ta da ƙarfin kama nono, sai in tatsa a ɗan kofi Hajiya ta riƙa ɗiga mata da cokali tana salati. Wata uku ana haka. Matan unguwarmu, Ƙofar Guga, da suka zo barka, da yawansu gaisuwar rashi suka riƙo a baki, Allah bai ba su ranar faɗa ba.

To ga ta 'yar fari. A gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta sa baki a maganarsa gaban surukai. Kunya da godiya suka haɗu suka rufe mani baki shekara goma sha biyar. Yarinya ta tashi a ɗakin Hajiya tana kirana Yaya, yadda ta ji ƙannena na kirana. Ni kuma in zan yi zancenta sai in ce 'yar Hajiya. Sauran mutanen gida Bakwaini suke ce mata, har ƙannenta da na haifa a bayanta.

Ta rayu, amma komai nata a makare ya zo: zama, tafiya, magana. Firamare sau biyu ana dawo da ita gida, don hedimasta kan sa yaro ya zagayo da hannu ta bisa kai ya taɓo kunnensa, ita kuwa hannunta bai kai ba. Da ƙanwarta suka shiga aji ɗaya. Karatu tana ganewa, a hankali dai, in kuwa aka daka mata tsawa abin da ta sani ma sai ya gudu. Hajiya ta kafa doka: ba a aikenta, ba ta ɗaukar bokiti, ba ta daka, ba ta zama kusa da murhu. In wani ya yi ƙorafi sai ta ce a bar mata ɗiya, ba ta gama nuna ba aka sauke ta. A gaban yarinyar take faɗa, tana shafa kanta, kuma wallahi so ne.

Yara a gidan da rabin yini suke fara azumi. Yaro ya kai azahar sai a ba shi kunu, Hajiya ta ce ya kawo rabin nan ta ajiye masa, gobe in ya kawo wani ta ɗinke su su zama guda. Har allura takan ɗauko ta yi kamar tana ɗinki a iska, yara na ƙyalƙyala dariya. Da yaro ya kai shekara tara ko goma ya wuce wannan wasa. Ƙanwarta ta wuce, ƙanensu ma ya wuce. Ita ga ta da sha biyar, ta fara ganin al'ada tun bara, amma har yanzu ɗinke mata ake yi.

Shekarar da soja suka yi alkawarin komawa bariki, azumi ya faɗo tsakiyar hidimar zaɓe. Gari ya cika da motoci masu lasifika, 'yan acaɓa na bin su da tutoci suna hon. Tun kafin a ga wata na lura yarinyar ta canza. Ta daina sa hannu a kwano ɗaya da 'yan'uwanta. In motar kamfe ta ratso unguwa sai ta toshe kunne ta shige bayan ƙyaure, jiki na ɓari. Mai kitso ta ja ni gefe ta nuna mani inda ta tsige gashin gaban kanta har ya yi fili. Malamar ajinsu ta aiko cewa in an yi mata tambaya ba ta amsawa, sai ta kafa wa allo ido hawaye na zuba.

Lokacin ana yawan labarin 'yan mata na faɗuwa a makarantu, ana cewa aljanu ne. Ran biyu ga azumi Hajiya ta kama ta tana tuttular da kunun azahar a magudana. Nan take ta yanke cewa iska ce ta hana ta ci, dama bakwaini jikinsu a buɗe yake. Ta ce da an sha ruwan Salla an gama da makaranta, za a kawo mai ruƙiyya, yarinya ta zauna ɗaki kusa da ita. Malam, mijina, an ɗauke shi aikin zaɓe daga ofis, ba ya yini gida. Da na taɓa masa maganar sai ya ce abin da Hajiya ta gani shi ke nan, ita ta san yarinyar tun tana cikin auduga.

Ni ban musa aljanu ba, suna cikin Alƙur'ani. Amma ni ke sharar tsakar gida. Tun azumin bara nake ganin tururuwa na layi a bayan randa, inda ake zubar da kunu kullum bayan azahar. Na san ba iska ke zubarwa ba, yarinyar ce ke kai azuminta a ɓoye. Na sani na yi shiru, kuma wannan shirun har yau ina neman gafararsa.

Washegari na ce wa Hajiya za mu gidanmu a Ƙofar Kwaya. Don kada in yi ƙarya da bakin azumi, sai da muka leƙa muka gaida mahaifiyata a tsaitsaye, sannan muka wuce asibiti. Likitar mace ce, mai sanyin murya. Ta auna ta, ta duba jininta, ta tambayi yadda aka haife ta, sannan ta ce in jira a waje. Sun daɗe. Da ta kira ni ta ce jikin ƙarami ne amma lafiyarsa lau. Ta ce yaran da aka haifa ƙanana haka, wasunsu in sun fara girma tsoro da damuwa kan yi musu nauyi fiye da sa'o'insu, ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma ana samun sauƙinsa. Ta ce mu riƙa dawowa suna magana, kada a cire ta daga makaranta, a rufe ta a ɗaki shi ne zai ƙara abin. Azumi kuwa ta gwada, in ya gagara ta sha.

A hanyar dawowa, muna tafe gefen ganuwa, mun kusa gida sai yarinyar ta juyo ta dube ni.

"Yaya, wai yaushe zan gama nuna?"

Na kama hannunta muka ƙarasa gida.

Kashegari da azahar ina surfa waken ƙosai, matar ƙanen mijina na daka a gefe, Hajiya ta fito da kofin kunu tana kiran Bakwaini ta zo ta kawo rabinta. Na ɗauraye hannu, na je na durƙusa, na karɓi kofin da hannu biyu na ajiye a ƙasa.

"Hajiya, ki gafarce ni. Ɗiyata na azumi."

Taɓaryar da ke gefe ta tsaya.

"Ɗiyar wa?" in ji Hajiya.

"Ɗiyata."

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa. Ta ce ta ji ana cewa mulkin farar hula na tafe, ashe ta gidanta zai fara, kowa ya sami baki. Ta tambaye ni ina karatun bokona yake lokacin da take ɗiga nono da cokali, ni ina kwance ina sharɓar hawaye. Duk gaskiya ta faɗa, ban ɗaga kai ba. Da ta numfasa na ce ta raya yarinyar nan, Allah kaɗai zai biya ta. Amma yarinya ta balaga, alƙalami ya hau kanta, kuma ranar da za a tambaye ni ba zan iya cewa an ɗinke mata ba. Tunda na riga na tsallaka, sai na ƙarasa: na ce makaranta ma ba za ta bari ba.

"In ta faɗi, ke za ki ɗauka," in ji ta.

"Ni zan ɗauka, Hajiya."

Da la'asar na zaunar da yarinyar gaban kasko na miƙa mata cokalin suya. Mai ya fallatso mata a yatsa. Ƙafata ta motsa, na danne ta. Ta hura yatsan ta ci gaba. Ƙosan nan wasu sun ƙone, wasu tsakiyarsu ɗanye, da su muka sha ruwa.

Kwana takwas ta jera tana azumi. A na tara, bayan la'asar, ayarin 'yan siyasa ya tsaya daidai ƙofar gidanmu da ganguna da lasifika. Na same ta bayan ƙyaure numfashi na sarƙe mata, zufa ta jiƙa hijabi, ta fara kakari. Da hannuna na ba ta ruwa. Hajiya na tsaye bakin ƙofa tana kallonmu, da ma ta zage ni ya fi mani sauƙi.

Da ta dawo hayyacinta sai kuka, wai ashe Hajiya ce da gaskiya. Na ce ta share fuska. Na ce ta sha guda ɗaya, za ta rama bayan Salla kamar kowace mace a gidan nan, ni ma ina da nawa da ke jirana.

"Ramawa zan yi? Cikakke?"

"Daga asuba har magariba. Babu mai rage maki ko awa ɗaya."

Ta dube ni, sai na ga bakinta ya motsa kamar mai shirin murmushi. Ta ce to kada in manta in tashe ta sahur.

Ba zan ce daga nan ta warke ba. Kusan shekara biyu muna komawa wurin likitar, kuma har ta girma ba ta son taron biki. Mai ruƙiyya ma ya zo. Ban hana ba, wa zai hana karatun Alƙur'ani? Na dai ce babu hayaƙi, babu tsumagiya, ƙofa a buɗe, ina zaune. Ya yi karatunsa ya tafi. Hajiya kuwa har aka yi Salla, in na gaishe ta "lafiya" kawai take cewa, ba ta ɗora komai a kai.

Ranar da aka koma makaranta na goge mata kayanta da dutsen guga na gawayi, na sa mayafi don in raka ta. Malam ya fice tun da sassafe, ina jin da gangan. Muka tarar da Hajiya zaune a zaure kan tabarma, carbi a hannu, ƙafafu miƙe sun tare rabin hanya. Ba ta saba zama nan ba. Na durƙusa na gaishe ta, yarinyar ma ta durƙusa, hannunta cikin nawa. Na riga na ƙudurta cewa ko za a kira mani dangi gaba ɗaya, yau sai ta shiga aji.

Hajiya ta ja carbi ta kai ƙarshen zagaye. Sannan ta janye ƙafa, ba ta dube ni ba.

"Ku bi ta lungu," ta ce. "Masu lasifikar nan na bakin titi tun ɗazu."