Haladu Mai Hoto da Dutsen Sojoji

Duk wanda ya ci kasuwar Gwarzo a zamanin gyaɗa ya san Haladu mai hoto. Mutumin Garo ne ta ƙasar Kabo, siriri, kullum yatsunsa a rine da ruwan wankin hoto. Kyamararsa ba irin ta wayoyinku ba ce. Akwatin katako ne a kan ƙafa uku, da baƙin ƙyallen da yake cusa kai a ciki, da ɗan bokiti a rataye. A Kano ya koyi sana'ar wajen wani Bayarabe, lokacin yana dakon buhuna a dalar gyaɗa. In kaka ta yi sai ka ga layi, kowa so yake a ɗauke shi da sabon keke ko da agogon aro. Sau ɗaya a shekara kuma yakan shiga birni ya ɗauko dalar gyaɗa da babban masallaci da ƙofofin gari, masu kanti su liƙa a bango.

Sai dai mutumin nan ba ya haɗa hanya da kaki. Ko masinja ya hango da gajeren wando, sai ya sake hanya. Mutane suna ta yi masa tsiya, ba su san dalili ba.

Dalilin yana cikin wani rumbu. Shekarar da aka zo ɗibar samari yaƙin Bama, sunan Haladu na cikin waɗanda mai unguwa ya bayar. Ya tsallake danga ya faɗa gidan maƙwabciyarsu Hajjo, ya haye rumbun geronta ya dunƙule. Yana ciki yana jin takun takalma, sai ya ji wani ya jawo murfin rumbun ya rufe a hankali. Bai ga ko waye ba. Da aka rasa shi, sai aka cike gurbinsa da abokinsa Jalo, ɗan farin Hajjo, wanda shigowarsa ke nan daga kiwo, sanda a kafaɗa. Jalo bai dawo ba. Ba wasiƙa, ba wanda ya ce ya gan shi.

Hajjo kuwa Bafillatana ce ta gidi, mai kunyar ɗan fari. Tun yana jariri ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma da aka tafi da shi ba wanda ya ga hawayenta. In maganarsa ta zama dole sai ta ce wancan. Abu ɗaya ta kafe a kai: ba za a yi masa sadakar mutuwa ba tun da ba wanda ya kawo mata mutuwar. Shekara goma sha biyu ana haka, shekara goma sha biyu Haladu na gaishe ta idonsa a ƙasa.

Wata ranar kasuwa da hantsi Hajjo ta sauke ƙwaryar nononta a gindin akwatinsa. Aka gaisa, aka tambayi gida da shanu da gajiyar kaka. Can ta ce ta ji wai a birni, kusa da bariki, Turawa sun gina wani dutse sun rubuta sunayen waɗanda ba su dawo ba.

"In ka shiga ɗaukar dalarka, ka ɗauko min shi," in ji ta, tana gyara faifai.

Iyakar abin da ta ce ke nan.  Bariki fa! Haladu kuwa a ganinsa har yau akwai wani littafi da sunansa a ciki, ana jiran ranar da zai kawo kansa. Ya so ya ce takardar hoto ta ƙare. Ya ɗago, ya ga ba shi take kallo ba, sai ya ji bakinsa ya ce to, Inna.

Da yake ba shi da boko, ya biya ta Kabo wajen Malam Lukuman, malamin firamare, ya rubuta masa Jalo da manyan baƙaƙe a ƴar takarda. Baƙi huɗu ne. Ya soke ta a hula, ya hau motar gyaɗa, ya rungume akwatinsa a saman buhuna har Kano. A hanya sau biyu yana cewa direba ya tsaya zai zaga.

Dutsen dogo ne, fari, an kewaye shi da sarƙa, ga allon tagulla a jikinsa cike da rubutu layi layi. Daga nan ana jiyo ihun fareti. Haladu ya kafa akwatin. Ya zaro takardar, ya bi allon da ɗan yatsa daga sama har ƙasa, yana neman baƙin nan mai kama da ƙugiya. Ya sake bi. Ya bi na uku. Babu Jalo. Wani sanyi ya sauko masa har tafin ƙafa: ashe bai kashe ɗan mutane ba. Ya ce bari ya ɗauki hoto ɗaya daga nesa ya gudu, ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle.

A cikin ƙyallen ya ji takun. Takalmi mai ƙusa, yana tahowa ba gaggawa, sak irin na ranar rumbu. Duhun ma iri ɗaya ne. Takun ya tsaya dab da bayansa, shi kuwa ya kasa fito da kai. Ya tsaya a haka, duwawu waje, yana karanta duk abin da ya zo bakinsa.

"Kai mai akwati, fito. Ko sai na fito da kai?"

Ya fito. Wani tsohon soja ne mai gadin wurin, ga lambobi a ƙirji, ga kunne ɗaya a yanke, ga kulki. Ya tambaye shi wa ya ba shi oda, daga ina yake, me yake nunawa da bakin akwatin nan wajen bariki. Haladu ya zube yana ranka ya daɗe Samanja, har ya fara rantsuwar cewa shi ƙafarsa ce ke ciwo a waccan shekarar, abin da ba a tambaye shi ba. Tsohon ya dube shi sama da ƙasa, ya ce da ganin wannan ƙwaurin ai ko Bature ba zai ɓata harsashi ya koya masa harbi ba. Sannan ya fizgi takardar daga hannunsa, ya juya ta, ya tambaya wane ne.

Haladu ya ce ɗan maƙwabciyarsa ne, kuma alhamdu lillahi ya duba babu shi.

"Jalo sunan yanka ne?" in ji tsohon. "A soja ba a rubuta sunan da ake kiranka a ruga. Sunan yanka ake tambaya, a liƙa maka sunan babban garin yankinku. Mene ne nasa?"

 Tare suka yi kiwo, tare aka yi musu kaciya, amma Haladu bai san sunansa na yanka ba. Uban ya rasu tun suna yara, gari duk Jalo suke cewa, uwar kuwa ko da wuƙa a wuya ba za ta faɗa ba. Sanyin nan ya koma inda ya fito. Tsohon ya bi allon da kan kulkinsa ya ce ga Gwarzo nan wuri uku, ga Kabo wuri biyu, shi dai bai san wanne ba. Ya ce ya matso da akwatin ya ɗauke allon duka, amma ya yi sauri kafin ofisa ya fito.

Kashi huɗu ya raba allon. Kowanne sai ya cire murfin idon kyamarar, ya ƙirga a ransa, ya mayar, ya zura hannu cikin akwatin ya wanke. Kowane hoto yakan fara fitowa a juye, baƙi ya zama fari, sai ya liƙa shi gaban akwatin ya sake ɗauka. Kashi na uku ya lalace, ya sake. Tsohon na tsaye a kansa yana ƙwanƙwasa kulki a takalmi. Da ya gama ko dalar gyaɗar bai waiwaya ba, ya nufi tasha da jiƙaƙƙun hotuna a ƙirjin riga.

Washegari bayan la'asar ya ɗauko Malam Lukuman suka je gidan Hajjo. Tana zaune a inuwar rumbun nan tana ɓarar gyaɗa, ƴarta Asta na gefe. Ba ta karɓi hotunan ba, ta ce Malam ya karanta. Malam ya kanga su kusa da ido ya fara, suna bayan suna. Haladu ya durƙusa, ba abin da yake kallo sai yatsunta. Sule Gwarzo, yatsu na aiki. Dauda Kabo, suna aiki. Garba Gwarzo. Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

"Hammadu Kabo."

Ƙarar ta tsaya. Hajjo ta ja mayafi ta kau da kai wajen danga, yadda mace ke yi in an ambaci sunan da ba ta faɗa. Malam zai ci gaba, ta ce ya isa haka. Ta ce wa Asta ta jiƙa gero, gobe za a daka gumba, a gaya wa liman.

Haladu ya matso kusa da ita. Ya ce, "Inna, ranar nan, a cikin rumbun nan..."

"Na sani. Ni na rufe ka."

Ta ce ta hango wancan yana tahowa da shanu, da ta ɗaga murya da ya juya daji. Amma ga mata cike a bakin danga, da wane baki za ta kira shi? Ɗan maƙwabta ake iya ɓoyewa a gaban mutane. Ta miƙo hannu, ba ta juyo ba, ta ce Malam ya nuna mata layin. Ya ɗora mata yatsa a kai. Ta daɗe a haka, sannan ta kife hoton cikin ƙwarya ta rufe da faifai.

Haladu ya yi shekara ashirin bayan nan yana ɗaukar hoto, har ƙananan kyamarori suka kashe masa kasuwa ya koma noma. Tsoron kaki bai taɓa sakinsa ba. Amma ranar sadakar shi ya raba gumbar gida gida, kuma duk ƙofar da aka tambaye shi ta wace ce, sai ya ce ta Hammadu ce.