Malam Ɗalhatu, Ka Samu Shaidar Ka Tafi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 15 ga watan Yuli, 2025, Allah Ya karɓi ran maigidana, Malam Ɗalhatu Kusfa, mai gyaran esi, wato na'urar sanyaya mota, a garejinmu da ke unguwar Al Quoz, nan ƙasar Larabawa. Malam, bayan azahar ne, kana sunkuye a kan injin wata mota, sai muka ga ka dafa ƙirji ka zame ƙasa. Muka yayyafa maka ruwa, muka yi ta fifita da kwali, muna kiran sunanka. Kafin motar asibiti ta iso, abin da za mu iya ya ƙare. Likita ya ce zuciya ce.

Malam, a hannunka na koyi sana'a. Ban manta ranar da tiyo ya kuɓuce mini gas ɗin esi ya feshe mini yatsu ba. Na ɗauka za ka yi faɗa. Sai ka tsoma hannuna cikin ruwa mai ɗumi, ka ce, "Shu'aibu, yau ka sani, sanyi ma yana ƙuna." Washegari ka zo mini da safar hannu da tabarau.

Da masu sayar mana da gas suka ce khalas, wato an gama, ba za su ƙara miƙa tukunya ga wanda ba shi da takardar shaidar horo ba, kai da furfurarka ka shiga aji. Hannunka ya san aikin tun Zariya, amma jarrabawar da Turanci ake yinta. Bernard, ɗan Kafanchan mai gyaran wayarin ɗin mota, shi yake zama da kai a ɗakinku na unguwar Satwa yana fassara maka darasi: yadda ake zuƙe tsohon gas a adana shi maimakon a sake shi a iska, da dalilin da ba a haɗa iri biyu. Karon farko ka faɗi. Ka dawo kana dariya, ka ce gas ya san ka, Turanci ne bai gane ka ba tukuna. Ka koma, ka ci.

Ranar da za ka sayo tukunyar farko da sunanka, farar shaddarka ta Juma'a ka saka. Muka yi ta tsokanarka, ka ce mutum ba ya zuwa karɓar girma da kayan baƙin mai. A hanya ka kira uwargidanka Khairunnisa da ke gida ka nuna mata katin shaidar ta waya, ka ce yanzu sai maganar bizarta.

Tukunyar tana nan a kusurwa, ko rabi ba a sha ba. Babu mai takardar shaida a cikinmu, don haka babu mai taɓa ta. Direbobi suna zuwa cikin zafin nan, gumi ya jiƙe musu riga, suna tambaya, "Ina Malam?" Mu faɗa musu, su juya. Kafin ka tafi, ka sa an rubuta sunana a aji na gaba. Bernard ya ce in zo mu fara, na je, muka zauna, ya buɗe baki ya kasa karantawa.

Mun so a kai ka gida, abin bai yiwu ba. A nan muka yi maka sutura. Khairunnisa ta roƙi in bar wayar a kunne har a gama zuba ƙasa, na riƙe mata har aka gama.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Ɗalhatu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka sanyaya makwancinsa, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyya ga Malama Khairunnisa, da 'ya'yansa Mubashir da Ummi Kulsum, da mahaifiyarsa Hajiya Sabuwa, wadda har yau take cewa a ba ta shi a waya su gaisa. Allah Ya ba su haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.