Rabi'u Direba, Mai Kai Labarin Tsofaffin Ɗalibai

Malam Rabi'u ya tuƙa motar wata kwalejin malamai a nan Gusau har ya yi ritaya, ya miƙa makulli, ya sayi babur. Ni ne bakaniken da ya riƙa gyara motar, yanzu kuma baburin nake gyarawa. Abin da zan faɗa, ko na gani da idona, ko wanda ya gani ya gaya mini.

Da ya dawo daga sallar asuba sai ya sha koko, ya goge babur, ya ɗaure sallaya a baya. Ya biyo ta garejina, ya ce yau Tsafe, ko yau Bungudu. Ba fasinja yake ɗauka ba, ba kaya ba. Tsofaffin ɗaliban kwalejin yake zuwa dubawa, waɗanda ya riƙa kaiwa ƙauyuka gwajin koyarwa tun suna samari da 'yan mata. Ya san ƙofar gidan kowa, don shi ya sauke su.

Yana da doka biyu. Ba ya kai labarin mutum sai ya zauna a zaurensa ya sha ruwan gidansa. "An ce" ba ta cikin bakinsa. Ta biyu, kafin ya tashi sai ya tambayi mai gida, "Wanne zan faɗa, wanne zan bari nan?" Abin da aka ce ya bari, ko matarsa ba ta ji.

Duk bayan Babbar Sallah tsofaffin ɗaliban kan taru a harabar kwaleji. Bayan an ci an sha, sai a ba shi fili. Ba ya riƙe takarda. Mansura ta zama shugabar firamare a Bungudu, ta haifi tagwaye, ta ce a daina tambayarta me ya sa ta rame. Bashar ya bar alli ya buɗe shagon magani a Tsafe, da yamma yana horar da yara ƙwallo, kuma har yanzu ba su taɓa cin kowa ba. Muktar yana kiwon raguna, amma ya kasa sayar da ko ɗaya, don ya raɗa musu suna. A yi dariya, a yi addu'a, ya wuce na gaba.

Suna da zaurensu a waya. Na sani. Amma can wanda ya samu ƙarin girma ko ya tare a sabon gida ne ke magana. Wanda duniya ta juya wa baya shiru yake yi, kuma shirun ba ya damun kowa. Rabi'u kam shirun yana damunsa.

Shekarar da aka rufe layukan waya a jiharmu, mahaifiyar Balkisu ta rasu a Nahuce. Balkisu malama ce, 'yar ajinsu Mansura. Ba yadda za ta sanar da kowa. Lokacin an takura babura, sai Rabi'u ya shiga motar haya, inda mota ta tsaya ya taka da ƙafa, ya bi abokan karatunta gida gida. Ranar addu'ar uku tabarmi ba su isa ba. Balkisu da bakinta ta gaya mini haka.

Kai ne wannan, Rabi'u. Ɗan aike ba ka ƙara gishiri. Kai ne ka ɗauki mutanen da takarda ta haɗa, aiki ya warwatsa, ka hana su zama baƙin juna. Ba wanda ya naɗa ka, ba wanda ya aike ka.

Sai maganar Yazid. Malamin firamare ne a Wonaka. 'Yan bindiga sun ɗauke shi a hanyar gona, ya daɗe a hannunsu. Da ya dawo sai ya kashe waya, ya daina fita, ya daina magana. Abokai suka je jaje sau ɗaya, kowa ya koma harkarsa. Rabi'u bai koma ba. Duk wata sai ya je. Su zauna a zaure, ba mai cewa komai. In zai tashi ya tambaya, "Wanne zan faɗa?" Yazid ya ce, "Babu." A taron waccan shekarar, da ya zo kan sunansa, cewa kawai ya yi, "Yazid na gan shi, na sha ruwan gidansa." Ya wuce.

Bana da ya zo kan sunan sai ya tsaya. Ya ce, "Yazid ya ce in gaya muku ya fara kiwon tattabaru." Na ga manyan ma'aikata suna share ido da bakin riga. Salma, matar Yazid, ta ce ranar zuwan Rabi'u ce kaɗai mijinta ke yin wanka da wuri ya fito zaure.

Na gode maka, Rabi'u, ni da ban saba gode wa mutum a bainar jama'a ba. Ku kuma masu karatu, kowa yana da abokin da ya yi shiru. Ku ajiye waya ku je ƙofarsa. Ba sai kun iya magana ba.

Hanyar Wonaka ba ta gyaru ba. A damina Rabi'u ya taɓa yar da babur ya kwanta cikin dawa har mutanen daji suka wuce. Idonsa ma ya fara rauni. Saboda haka makon jiya Hajiya Shafa'atu, shugabar ƙungiyar tsofaffin ɗaliban, ta zo garejina. Ta tarar da shi zaune a kan benci, ina canza masa taya.

Ta ce da ni, "Baba, don Allah ka daina gyara mashi wannan abu. In ya lalace ya zauna gida."

Na ce, "Hajiya, in na bari da ƙafa zai tafi. Gara babur."

Ta juya gare shi. "Baba Rabi'u, mun sayo maka waya babba. Ka zauna inuwa ka riƙa kiran kowa."

Ya ce, "Ke da kike amai a motata tun daga Gusau har Tsafe, yau ke ce mai ba ni shawarar hanya?"

Ta yi dariya, amma ba ta sake shi ba. "Ba wasa nake ba. In wani abu ya same ka, mi za mu ce ma iyalinka? Yazid za mu riƙa kiran shi."

Ya ce, "Shina ɗauka?"

Ta juyo gare ni.

"To ya bar Wonaka kawai," in ji ni da ita, "ya riƙa zuwa sauran." Na ɗauka zai yarda da rabi.

Ya miƙe, ya danna tayar da babban yatsa ya ji iska. Ya dube ni, ya dube ta.

Ya ce, "Jibi shina jirana. Ba ni bari."