Ranar da Yaya Ya Same Ni da Tiren Dabino

Shekara biyu na yi ina naɗe dabino da naman alade, ba wanda ya sani a danginmu sai matata. A wani gidan abinci ne can ƙasan Manhattan, inda ake yi wa masu biki abin taɓawa kafin a kawo abinci. Aikin ba wuya, sai cin rai. Ka tsaga dabino da wuƙa, ka fincike ƙwallon, ka ɗura masa cuku, ka ɗauko siririn yankan alade mai kitse ka nannaɗe shi tam, ka soke da tsinke. Ka jera a tire ka tura obin. In kitsen ya fara tartsatsi, zaƙin dabino ya gamu da gishirin naman, masu ci har lumshe ido suke yi. Ni kuwa safar hannu biyu nake sawa, ina yi ina istigfari, kuma ko sau ɗaya ban taɓa kai shi bakina ba. Allah ne shaidata.

Yayana ne ya kawo ni ƙasar nan. Direban tasi ne, gini ɗaya muke zaune a unguwar Morrisania da ke Bronx, shi a sama mu a ƙasa. Tun muna yara a Kano sai ya mare ka sannan ya tambayi abin da ya faru. Ni ma ba kanwar lasa ba ne, shi ya sa na ce masa wanke-wanke nake yi, don a zauna lafiya.

A lokacin matata tana da tsohon ciki, na fari. A gidanmu in aka haihu, kafin jariri ya kama nono, uba ne yake tauna dabino ya shafa masa a dasashi da yatsansa. Haka mahaifinmu ya yi mana kaf. Ba abin da nake ɗoki a duniya kamar in yi wa nawa. Matata ta sayo dabino a wani shago a unguwar Fordham ta sa a jakar asibiti, ni kuma kullum sai na zuge jakar na duba.

Ran wata Alhamis da hantsi naƙuda ta tashi. Wayata tana ɗakin ajiyar kaya, don ogan kicin ba ya yarda a shiga da ita. Matata ta kira har ta gaji, sai ta kira Yaya. Ya kai ta asibiti, ya juyo ya zo ɗaukata. Ta ƙofar baya ya faɗo, daidai na zaro tire daga obin, kitse yana tafasa a kai. Ya dubi tiren, ya dubi kwalin naman da ke kan tebur, ga hoton alade ɓaro-ɓaro a jiki.

"Kai! Mene ne wannan?"

"Yaya, tsaya ka ji..."

Ban ƙarasa ba ya ɗauke ni da mari. Tiren ya karkace, kitsen ya kwararo a hannuna na dama, safar ta narke ta manne da fata. Wayyo Allah! Ban taɓa jin azaba irin wannan ba, kuma ita ce ta ɗauke mini hankali. Na yar da tiren, na sunkuya na kai masa karo a baki. Na ji haƙorinsa ya shige mini goshi. Ya shaƙo wuyan rigata ya buga ni da firij, ya dunƙule hannu ya narka mini a leɓe, sau biyu. Na rarumi ludayin ƙarfe da hagu na maka masa a kunne. Muka zube ƙasa muna birgima cikin kitse da dabino, tsinke yana sukarmu, oga yana ihu zai kira 'yan sanda. Mutum uku suka taru kafin su ɓamɓare mu.

Yaya ya tofar da guntun haƙori, ya ce, "Matarka tana haihuwa, mutumin banza."

A mota na zauna baya, hannuna cikin tawul mai ƙanƙara. Yana tuƙi jini yana ɗiga a gemunsa.

"Dabino!" in ji shi. "Abin da muke buɗe baki da shi! Wallahi wannan hannun ba zai shiga bakin jikan babanmu ba. Ni zan yi."

"Sai dai in kashe ni za ka yi."

"To zan kashe ka ɗin."

Na ɗaga ƙafa na yi ta harbin bayan kujerarsa. Da danja ta tsayar da mu ya juyo ya cafki kunnena, na cije shi a hannu, motocin baya suna ta hon. Haka muka ƙetare gada muka shiga Bronx inda asibitin yake, muna zagin juna kamar ba ciki ɗaya muka fito ba.

Ko da muka isa ta sauka, mace aka samu. Wata nas ta ga hannuna ta ja ni gefe, ta ɓare safar da ɗan hantsaki, ta naɗe da bandeji. Ina jin Yaya ya yi gaba na fizge na bi shi a guje. Tare muka banka ƙofar ɗakin, tare muka kai hannu kan jakar. Ya ja, na ja, hannun jakar ya tsinke, kaya suka watse, ledar dabinon ta faɗa kan gado.

Matata tana kwance, fuska a kumbure, jaririya a ƙirjinta. Ta ɗora hannu a kan ledar. Ba ta ɗaga murya ba.

"Yaya, don Allah ku buɗe bakinku in gani."

Ya buɗe. Jini ne cike, har ya rine masa haƙora. Ta juyo kaina.

"Kai ma buɗe."

Ba sai na buɗe ba, leɓena a fashe yake, ina ta haɗiyar jini tun a mota.

"To da wane bakin za a tauna? Jini za ku fara ba 'yata?"

Na durƙusa a gefen gadon. Na roƙe ta, ni da ban taɓa roƙon kowa ba. Na ce ta bari in kurkure, ta bari jinin ya tsaya, ko awa ɗaya ce. Na je famfo na kurkure sau uku, duk sanda na tofar ja yake fitowa. Yarinya ta fara tsala kuka tana laluben nono.

"Yunwa take ji," in ji matata. "Ba za ta jira ka ba."

Ta ɗauki dabino ɗaya ta yi bismilla, ta tauna, ta lakato da yatsa ta sa mata a baki. Kukan ya tsaya cak. Ina tsaye ina kallon ɗan bakin yana tsotsar yatsan uwarta, sai kuka ya ƙwace mini a gaban Yaya da nas, ban ko ji kunya ba. Na ce a raina ba komai, na gaba ni zan yi masa.

Yarinyar yanzu tana aji uku. Ita kaɗai Allah ya ba mu.