Ranar da Aka Biya Lasin Motarmu da Masara

Tsufa ya fara ɗauke mini abubuwa, wani lokaci sai in kira jika da sunan uwarsa. Amma akwai wata ranar kasuwa da ta zauna mini daram a rai, kuma na san da ita za a kai ni makwancina. Idona ya ga abubuwa da yawa a duniyar nan, sai dai bai taɓa ganin irin abin da ya gani a gindin wata ɗorawa a bakin kwalta ba.

Zamanin mulkin soja ne, lokacin da man fetur ya fara tsada. Maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, shi ne mutum na farko da ya shigo da mota ƙauyenmu, can gefen Ɗansoshiya, kuma har ya rasu ba a yi na biyu ba. A-kori-kura ce tsohuwa, ba ta tashi sai an tura, amma kowa ya san matar mai mota idan na shiga taro. Da damina rafi yakan cika ya yanke mana hanya, sai a ɗora motar a kan duwatsu a ƙofar gida, kaji su yi ta ƙwai a ƙarƙashinta har ruwa ya ɗauke. Da kaka ta yi kuwa, ba ta hutawa. Ita ke kai masara kasuwa, ita ke kai mai naƙudar da haihuwa ta zo wa da gardama asibiti, ita ke ɗauko wanda ya cika a can a dawo da shi gida.

To, kowace mota akwai wata 'yar takarda da ake manna mata a gilashi, ana ce mata lasin. Kuɗin hanya ne, duk shekara sai an biya an sabunta. A shekarar nan gyaran inji ya cinye duk abin da ke hannun Malam, lasin ya mutu, ya ce sai an fitar da amfanin gona zai sake. Ranar da nake ba ku labari, mota ta cika maƙil da buhunan masarar mutane za mu kasuwar Tudun Wada, masu kaya suna zaune a kan buhunansu. Ni ina gaba da ƙwaryar daddawata, don gaban motar nan nawa ne, ba a zama mini.

Muna isowa inda jar hanyarmu ke haɗuwa da kwalta, sai ga masu duba takardun mota. Babbansu wani mai furfura jifa-jifa ne, ba ya ɗaga murya. Ya leƙa gilashi ya ce, "Malam, wannan takarda ai ta daɗe da rasuwa. Doka ta ce in kai motar nan ofishinmu a ajiye sai an biya." Malam ya sauko ya gaishe shi, ya ja shi gefe ya dunƙula masa na goro. Mutumin nan ya ce, "Mai da hannunka aljihu, dattijo. Ni da kai ba mu yi haka ba."

Nan ran Malam ya ɓaci. Ya ce, "Yallaɓai, motar nan rabin shekara a kan dutse take. Hanyarmu kuwa mu muke gyara ta da gayya, duk bayan damina garin nan kaf ke fitowa da fartanya da kwando. Kwaltarku ɗan wannan guntun nake takawa ranar kasuwa. Amma in biya daidai da wanda ke safarar Kano kullum? Wallahi in motar nan ta kwana a hannunku, gobe zan sayar da ita in koma kan jakina. Na gaji!"

Na zauna da Malam tun ina da ƙuruciya, na san ba ya rantsuwa a banza. Kuma akwai wani dillali da ya daɗe yana zarya yana son motar. In ta tafi, ta tafi ke nan, mu da ƙauyenmu mu koma ɗaukar mara lafiya a amalanke.

Jami'in ya ce, "Ina nan har azahar. In kuɗi ya samu kafin nan, mu tafi ofis tare a yi maka sabuwa, ka wuce da kayanka. In bai samu ba, ka yi haƙuri." Ya jawo benci ya zauna a gindin ɗorawa. Masu kaya suka diro suka kewaye shi. A gindin bishiyar akwai wani ɗan tare, irin masu zama bakin hanya da tabarma da kwano suna sayen hatsi a hannun manoma kafin su isa kasuwa. Ni kuma na zauna a kan saiwa ina jin su.

Sai muhawara ta kaure, kamar ba motar mutum ce za a tafi da ita ba. Wani maƙwabcinmu mai son a ce ya san duniya ya ce, "Ni dai da an ji tawa, a zuba kuɗin nan a kan mai. Wanda ya yi tafiya da yawa ya sha mai da yawa, ya biya da yawa. Wanda ya ajiye motarsa ya huta." Mai injin niƙan garinmu ya zabura ya ce, "Kai, rufa mini asiri! Injina yana shan mai, ka taɓa ganin sa a kan titi? So kake kuɗin niƙa ya tashi matarka ta koma dutse?" Aka kwashe da dariya.

Wani ya ce a sa shinge a hanya, duk wanda ya wuce ya ajiye nasa. Ɗan taren nan, da ba a sa da shi ba, ya ce, "Ni a bakin hanya nake wuni. Ku sa shinge ɗaya yau, kafin wata ya haifi 'ya'ya har Doguwa." Wani kuma ya ce a lissafa mana gayyarmu a matsayin biya. Jami'in ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan ta shige ni. Amma wa zai auna gumi ya rubuta a takarda? Kuma gadar da za ku hau gaba kaɗan, fartanya ce ta yi ta?" Abin da ya ba ni mamaki da mutumin nan, bai ce su rufe masa baki ba. Yana ji, yana amsawa, inda suka fi shi gaskiya ya ce sun fi shi.

Cikin fasinjojinmu akwai wani tsohon ardo daga rugar da ke bayan garinmu, makiyayi ne kuma yana taɓa noma, buhunsa ɗaya a motar. Ya ce, "Wannan ai jangali ne aka sake wa riga. Da can saniya ko tana ba da nono ko ba ta bayarwa, kanta ake ƙirgawa." Maƙwabcinmu ya ce, "Ardo, kai da aka ce in masu jangali sun zo sai ka kora rabin garke cikin duwatsu?" Ardo ya ce, "Kiwo suka tafi, ɗan nan. Laifina ne in saniya ta ji yunwa ranar ƙirga?" Har jami'in sai da ya dara.

Ana ta wannan, inuwa tana ta matsowa gindin bishiya, Malam yana tsugune shi kaɗai jikin tayar mota, ya dafe kai. Kowa na da dabarar da zai koya wa gwamnati, babu mai dabarar da za ta hana a tafi da motar yau. Ni ban shiga aji ba, amma ba a taɓa cewa ban iya magana ba. Na gyara mayafina na ce, "Ku gafarce ni, iyayen gida, ina da tambaya. Kun ce wanda ya ci hanya shi ya kamata ya biya. To motar nan, in babu kaya, me zai fito da ita? Nauyin da ke danne kwaltar nan, masarar wa ce?"

Na ga manyan mutane suna duban ƙasa. Ni kaina na ji tsoron ko na wuce gona da iri.

Ardo ne ya fara miƙewa, a hankali, yana dogara sandarsa. Ya ce a sauko masa da buhunsa. Ya kwance bakin, ya karɓi kwanon ɗan tare, ya cika shi har yana zuba, ya juye a kan tabarma. Ya sake cikawa ya juye. Malam ya taso da sauri ya ce, "Haba Ardo, ni ba bara na fito ba!" Tsohon ya ce, "Wa ya ce kai nake ba? Saniyar garinmu nake biya wa jangali. Koma ka zauna."

Jama'a, abin da ya biyo baya har yau yana ba ni mamaki. Mutanen nan na san su, a kan ƙwayar da ta zube daga bakin kwano sai su wuni suna jayayya. Amma sai ga su suna rige-rigen hawa mota, kowa na kwance buhunsa. Babu wanda ya ce wane ya zuba kaza. Mai niƙa da ba shi da buhu ya juye aljihunsa. Wani da ya zo wucewa a keke da dawa, ba ma ɗan garinmu ba, daga wajen Yako yake, ya tsaya ya ji labari ya ce motar nan ce ta taɓa kai ƙanwarsa asibiti, ya zuba nasa. Masara ta taru a kan tabarma tana ƙyalli a rana kamar an zubo ta daga sama. Ni ma na ɗora ƙwaryar daddawata a gefe, ban rage ko ɗaya ba.

Jami'in ya miƙe tsaye, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce, "Na daɗe ina wannan aiki. An zage ni, an roƙe ni, an yi mini Allah ya isa. Ban taɓa ganin haka ba. Sai dai gwamnati ba ta karɓar masara." Ɗan taren nan, wanda sana'arsa ita ce ya karya wa manomi farashi, ya ce, "Ni ina karɓa." Ya auna ya biya a farashin cikin kasuwa, bai nemi ragi ba. Wallahi da kunnena na ji shi yana cewa, "Kada dai ku faɗa wa kowa, za ku ɓata mini suna."

Kafin a kira azahar kuɗi ya cika. Aka tura mota ta tashi, jami'in ya shiga gaba, na matsa masa, kuma shi kaɗai na taɓa matsa wa. A ofis aka manna sabuwar takarda, muka iske kasuwa tana ci. Duk hanya Malam sai goge ido yake da bakin rawani yana cewa hayaƙin inji ne. Motar ba ta kwana a hannun kowa ba, rantsuwarsa ba ta hau kansa ba. Tun daga shekarar, duk kaka kowane gida sai ya aiko da kwanonsa ba tare da an tambaya ba, har motar ta mutu mutuwar da babu makanikin da ya iya tashin ta.

In kun tambaye ni ko adalci ne a karɓi kuɗi ɗaya a hannun mai tafiya kullum da mai tafiya rabin shekara, har gobe zan ce ba adalci ba ne, kuma waɗanda suka yi karatu su nemo gyara. Amma abin da na koya a gindin ɗorawar nan shi ne, kafin mu gama nuna inda na sama ya yi kuskure, mu duba ko mu ma mun bar mutum ɗaya yana biya wa gari guda abin da kowa ke mora.