Ƙafar Inna da Ta Ƙi Ɗumi

A shekarar babbar mura, wadda ta bi gari-gari tana ɗaukar mutane bayan an yanke gero, ina aure a Bungudu, da goyon fari a bayana. Wani mai jakai da ya taso daga Tsafe shi ya kawo mini saƙo cewa Inna, mahaifiyata, tana kwance a Kwatarkwashi. Na goya ɗana, na bi ta Gusau a ƙasa. Rumfunan kasuwa ba kowa, sai ungulaye.

Na tarar ta tashi. Zazzaɓi ya sauka, tari ya yi sauƙi, har tana da ƙarfin yi mini faɗa don me na jawo jinjiri cikin annoba. Muka daka gumba, muka raba sadakar godiya. Inna maginiyar tukwane ce, da ƙafa take taka yumɓu, ta ce nan da kasuwa biyu za ta koma aiki.

Kwana uku bayan sadakar, da hantsi, ta miƙe za ta ɗauko ludayi, sai ta zube. Ta ce kamar an sare ta da gatari a ƙwaurin hagu. Na taɓa ƙafar, sanyi kamar gindin randa, ta yi toka-toka. Ta dama kuwa da ɗuminta.

To mu a wurinmu, sanyi wuta ce maganinsa. Ni kuma ban daɗe da gama jego ba, na ƙware da hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa. Na hura, na kwantar da ita, na ɗora ƙafar daidai inda ya fi zafi. Na tambaye ta ko ya yi yawa, ta ce ciwon yana can ciki, amma fatar ba ta jin komai. Sai na ƙara itace. Yini biyu ina ƙarawa. Da na ɗaga ƙafar, diddigen ya saɓule, ita ba ta sani ba.

Kawu, ƙanenta, ya kira wanzami. Tsoho ne, shi ma murar ta kayar da shi, muryarsa a dishe. Ya yi tsaga, ya kafa ƙaho, ya tsotsa, ya jira. Da ya cire, babu abin da ya fito sai ɗan baƙin guda kamar hanta. Ya danna bayan gwiwar dama, ya ce yana jin harbin jijiya. Ya danna ta hagu, ya daɗe, ya ce jini ya daskare a hanya, ba ya sauka. Ya ce wannan ce ƙafa ta biyu da ya gani haka tun zuwan murar.

Na bi shi zaure, na ce, "Baba, wutar ce?"

Ya naɗe ƙahoninsa cikin zabira. Ya ce, "Ɗiyata, ƙafar ta riga wutar mutuwa." Ya rataya zabirar. "Amma ki kashe ta."

Ban kashe ba. Na rage dai, don ban san wani abin yi ba, hannuna kuma ba ya iya zama. Yatsun suka yi baƙi, baƙin ya hau ƙwauri, ɗakin ya soma wari. Inna ta sa na rufe ƙafar da tsohon zane, ba ta ƙara tambayarta ba. Ta ba maƙwabciya tukwanenta ɗanyu ta gasa.

Rana ta tara ta gan ni na durƙusa bakin gadon da kara a hannu. Ta ce, "Ke dai akwai taurin kai, tun kina ƙarama. Bar ɓarnar itacen nan. Miƙo mini mijina in gani."

Jikanta take nufi. Na miƙa mata, ta ɗora shi a kan cinyar dama, ta yi masa tsiya wai ya zo zance hannu wofi. Ni kuma na janye itacen ɗaya-ɗaya, na yayyafa ruwa.

Kafin la'asar gadon ya huce. Da dare ta cika. Washegari aka kai ta, a gindin dutse, kusa da ramin da take haƙar yumɓu.