Madubin Kumfa a Ƙofar Inna

Cikin duk abin da na gani tun da na shiga sana'ar ƙawata ɗakuna, akwai guda ɗaya da ko tsufa ya sa na fara rikita sunayen jikokina ba na jin zai fita daga raina. Ba a gidan wani mai hali ya faru ba. A gidanmu ne na unguwar New Bell a Douala, inda aka haife ni, kuma a kan wani madubi ne da ni da hannuna na taɓa jefawa cikin tarkace.

Madubin na mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa. Lokacin da yake aiki a tashar jiragen ruwa wani ma'aikacin jirgi ya ba shi, tun ba a haife ni ba. Ba irin wanda mace za ta duba ta sa kwalli ba ne. A tsakiya akwai babba guda, zagayayye, faɗinsa ya kai faifai, ya kumburo waje kamar bayan ludayi. Kewaye da shi ƙanana ne sun fi ashirin, kowanne cikin zoben farin ƙarfen nan mai walƙiya da ake kira kurom, sun manne da juna kamar kumfar sabulu. Shi ya sa muke ce masa madubin kumfa. In ka tsaya gabansa sai ka ga hancinka ya yo gaba, kunnuwanka sun ja baya, falon kuma duk ya shige ciki, har da fanka da tabarmar sallah.

Da na gama karatu na sami aiki a wani shagon kayan ɗaki a unguwar Bali, sai idona ya buɗe, ko in ce na ɗauka ya buɗe. Na ce sai na gyara falonmu. Na sa aka yi farin fenti, na sauke kalandun da suka shekara goma a bango, na sauke madubin. Inna tana zaune tana kallona, abin da ta ce kawai shi ne ai ba ya cin abincin kowa. Na ce mata tsohon yayi ne, yanzu ba a yin irinsa. Na kai shi ɗakin ajiya bayan madafa, na jingine tsakanin tsofaffin bokitai, na manta da shi.

Shekaru suka wuce, na yi aure, muka koma unguwar Makèpè, na buɗe ɗan shagona. Wata rana wata mata da ta daɗe a Faransa ta kira ni in tsara mata falo. Ta buɗe wayarta tana nuna mini abin da take so a bangon da ke fuskantar ƙofa, sai ga madubinmu, ko ɗan'uwansa. Ta ce yanzu can shi ake yayi, na asali kuwa sai an sha nema. "C'est vintage, madame," in ji ta da Faransanci, tana ɗaga gira, wai tsohon kaya ne mai daraja. Dariya ta kusa kuɓuce mini. Na ce mata ta ba ni mako guda, na san inda zan samo na gaske. A zuciyata har na hango hotonsa a shafin shagona na intanet, mata suna tambayar ina na samo.

A daidai wannan lokacin ne, cikin damina, Inna take kwance. Santsin siminti ya kwashe ta a bakin famfo, ƙashin ƙugunta ya karye, aka yi mata aiki, likita ya ce sai ta yi watanni ba ta taka ba. Wanda bai san Inna ba ba zai gane nauyin wannan ba. Mace ce da gidan yake tafiya da muryarta. Daga kan kujerarta a tsakar gida take sanin wa ya shigo, wa ya fita, miyar wa ta kusa kamawa, wace maƙwabciya ce fuskarta ba daidai ba yau. Sai ga ta a ɗaki. Ɗakin kuwa irin na unguwarmu ne, matsattse, taga ɗaya mai kallon bangon maƙwabta. Gadon ƙarfenta wuri ɗaya kawai yake shiga, can lungu gefen ƙofa, inda in ta buɗe ido ba abin da take gani sai kabad da silin.

Mun yi duk abin da muka san ana yi wa majinyaci. Magani a kan lokaci, sabuwar fanka, rediyo, farfesun kifi, kunun gyaɗa. Matar ƙanina, wadda ke zaune da ita, ba ta gaza ba ko kaɗan. Likita ya ce ƙashi yana kamawa yadda ake so. Amma Inna kullum ƙara shiru take yi. Masu dubiya su yi ta sannu, ta amsa da kalma ɗaya ta juya kai. Abinci cokali biyu ta ture. Matar ƙanina ta taɓa ja na gefe ta ce ita fa abin ya fara ba ta tsoro, yau kwana huɗu Inna ba ta yi mata faɗa ba.

Ranar Asabar ce da hantsi, ruwa ya ɗauke kenan, na shiga tasi na nufi gida. Ba zan ɓoye ba, madubin ne ya kawo ni, dubiyar ta biyo baya. Na same shi inda na bar shi, yanar gizo-gizo ta lulluɓe shi, laimar Douala ta sa zobban sun yi ɗigo-ɗigon tsatsa, ɗaya daga cikin ƙananan ya tsage. Na ɗebo ruwa a roba, na yanka lemun tsami, na dunƙule takardar alminiyam, na zauna a bakin ƙofar Inna don in riƙa gogewa ina taya ta hira. Ni kaɗai nake hirar. Na ba ta labarin cunkoson hanya, na ba ta labarin yara, ita dai sai "to". A hankali ƙarfen ya fara haske a hannuna. Da ruwan ya yi dauɗa, na jingina madubin da murfin ƙofa, wanda ke buɗe zuwa cikin ɗaki, na tafi famfo.

Ina cikin tara ruwa na ji murya, irin wadda na sani tun ina goye.

"Ke! Wa ya ce ki ɗora miya a tukunyar shinkafa?"

Matar ƙanina tana bakin murhu, ta saki ludayi ta waiga ko'ina. Ni ma na waiga. Ba kowa a tsakar gidan sai mu biyu. Ta ɗaga murya ta ce, "Inna, ta ina kike ganina?"

"Ga ki nan 'yar ƙarama kamar tururuwa. Kuma ki rage itacen nan, wutar ta yi yawa."

Na bar robar tana ambaliya na ruga ɗaki. Inna ta ɗan karkato kai a kan matashi, idonta ƙyam a kan madubin. Na durƙusa na sa kaina kusa da nata don in ga abin da take gani. Gidanmu ne gaba ɗaya a cikin babban na tsakiya: murhu da hayaƙinsa, igiyar shanya, bishiyar gwanda, ƙofar zaure, har da ɗan yankin sama da gajimare ke wucewa. A cikin ƙananan kuma gidan ne dai, sau ashirin. Hasken rana ya daki zobban ya watsu a silin, ɗakin da ko da rana sai an kunna fitila ya washe.

Ta daɗe tana kallo. Ta tambayi wanda ya matsar da randa daga inuwa. Ta ce gwandar can ta sama ta nuna, in ba a tsinke ba tsuntsaye za su riga mu. Sannan ta sa gefen mayafi ta goge ido, ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Mako biyar ke nan, ni da gidana sai dai a ba ni labarinsa."

Mu da muke ta kawo fanka da farfesu, ba wanda ya taɓa kwantawa a gadon nan ya ga abin da ake gani daga kansa.

Can ta hango buhun da na zo da shi da tsummokaran naɗewa a bakin ƙofa. Da yake ni ce 'yar fari ba ta kiran sunana, sai ta ce, "Ke, tafiya za ki yi da shi?"

Na tuna matar nan da wayarta, na tuna alkawarin mako guda. Na ce, "A'a Inna, da ma wankewa na zo yi." Ta dube ni ta cikin madubin, inda hancina ya yi girman albasa, ta san ƙarya nake, amma ta ƙyale ni. Ta ce to in na gama wankewar in kira ƙanina ya kafa shi, kada iska ta kayar.

Bayan azahar ƙanina ya zo da kusoshi ya ɗaure shi a jikin murfin ƙofar. Mun fi rabin sa'a muna gwaji, shi yana tura ƙofa, Inna tana cewa a ɗan ƙara, a ɗan rage, har ta ce ya isa, ta ga zaure ta ga murhu. Muka sa dutse muka tokare a nan. Ranar ta cinye tuwonta tas, ta kuma ce miyar ba ta ji daddawa ba. Matar ƙanina ta fito da kwanon tana dariya tana share hawaye.

Ita kuwa mai falon, na kira ta na faɗa mata gaskiya tun daga farko. Ta ce ita ma tana da tsohuwa a ƙauye, in bar shi inda yake. Daga baya na haɗa mata zagayayyun madubai sababbi a bangon, ta ce sun yi, muka rabu lafiya.

Makonnin da suka biyo baya gidan bai huta ba. Inna ce ke fara ganin hadari ta ce a kwashe shanya. Ba mai shigowa da takalmi har bakin tabarma ya tsira. Maƙwabta mata suka saba, da sun leƙo daga zaure sai su ɗaga wa madubin hannu kafin su yi sallama, ita kuma ta amsa daga ciki tana kiran kowacce da sunan ɗanta. Ƙanina ya ce gwamma lokacin da take kan kujera, don a lokacin akan iya laɓewa bayan gwanda. Kafin damina ta ƙare ta fara takawa da sanda, likitan ma ya ce bai zaci za ta yi saurin haka ba. Madubin yana nan a ƙofarta har yau, ta hana a cire, ko da yake ƙofar ba ta ƙara rufuwa daidai ba.

Abin da na koya a ranar ba a koya mini shi a shago ba. Na gane mutum ba ya rayuwa da magani da abinci kaɗai, yana so ya san har yanzu da shi ake yi. Tun daga lokacin, duk gidan da aka kira ni, ba na fara duba bango ko launin labule. Nakan tambayi wa ya fi daɗewa a ɗakin nan cikin yini, in je in zauna a mazauninsa, in ga abin da idonsa ke sauka a kai. Daga nan nake fara aiki.